Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Iyayenmu Kan Siyasar Da Ake Gada A Gida

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu maza da mata, kakanni, baffanni da kawunnai, gwaggwanni da innoni, da duk wanda Allah ya ɗora wa riƙon yaro a gidansa, muna gaishe ku cikin ladabi. Allah ya ƙara girma da lafiya, ya saka muku da alheri bisa ɗawainiyar da kuka yi da mu.

Na rubuto wannan wasiƙa ne a madadin 'ya'yanku da suka kai shekarun jefa ƙuri'a, samari da 'yan mata, masu karatu da masu sana'a, har da waɗanda suka yi aure suka haihu amma har gobe in zaɓe ya ƙarato sai an kira su an gaya musu inda za su dangwala. Mun daɗe muna wannan magana a tsakaninmu, kunya da kawaici suka hana mu kawo ta gabanku. Abin da ya sa muka ga shirun ya isa shi ne, duk kakar zaɓe sai an sami gidan da uba ya daina amsa gaisuwar ɗansa, ko 'yar da ta koma gida da kuka saboda katin zaɓenta na hannun wani, kuma babu wani babba da ya taɓa zaunar da mu aka yi maganar a fili. In harshe ya zame a wani wuri, a gafarce mu.

Kada ku ɗauka mun zo musanta cewa daga wajenku muka ɗauko siyasa. Yaro kan san ɓangaren da gidansu ke so tun bai san mece ce jam'iyya ba. Yana kallon yadda fuskar mahaifinsa ke canzawa in an ambaci wani suna a labarai, yana jin tsakin da mahaifiyarsa ta ja, yana lura da baƙon da ake yi wa fara'a da wanda ake amsa wa gaisuwa a taƙaice. Kafin ya shiga ajin da za a koya masa yadda gwamnati ke aiki, ya riga ya san su wane ne namu, su wane ne nasu. Masana sun auna wannan. A shekarar 1965, Kent Jennings da Richard Niemi na Jami'ar Michigan a Amurka sun yi hira da ɗalibai 1,669 'yan ajin ƙarshe na sakandare, aka kuma tambayi iyayensu daban. Kashi 59 cikin ɗari na yaran suna ɓangare ɗaya da iyayensu, waɗanda suka tsallaka kacokan zuwa jam'iyyar adawa kuwa ba su wuce kashi 7 ba. Saboda haka in kun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ba ku faɗi ƙarya ba.

Sai dai a cikin wannan binciken akwai wani abu da ba a cika faɗa ba, kuma shi ne kukanmu na farko. Da aka bar sunan jam'iyya aka shiga tambayar yaran ra'ayinsu kan batutuwa ɗaya bayan ɗaya, sai aka ga kamanninsu da iyayen ya yi rauni ƙwarai. Sunan ya ratso ya iso ga ɗa, dalilin riƙe sunan ya maƙale a hanya. Haka muke da ku. Da yawanmu za mu iya gaya muku jam'iyyar da kakanmu ya bi, amma a tambaye mu me ya gani a cikinta, me aka yi masa, wa ya tsaya masa lokacin da ya shiga matsala, sai mu yi zuru. Alhali kuwa akwai dalili. Babu wanda ke riƙe ɓangare shekara talatin haka kawai. Wataƙila an taɓa ƙwace wa gidanku fili wani ya tsaya aka mayar, wataƙila wata gwamnati ce ta buɗe makarantar da ta fitar da ku daga talauci, wataƙila an ɗaure wani ɗan'uwanku bisa zalunci. Wannan labarin ne ya kamata mu gada, shi kuka riƙe a ciki, kuka miƙo mana umarni tsirara: “Mu a gidan nan wane muke yi.”

Illar hakan a bayyane take. Yaron da ya riƙe ɓangare bai san dalili ba, in aka ƙure shi da hujja ba shi da abin mayarwa sai zagi, in zagin bai isa ba sai hannu. Irinsa ne ke cika sahun 'yan bangar siyasa. Wanda bai da zafin kai kuma, ranar da ya haɗu da mai zaƙin baki na farko, ranar zai saki abin da ya taso a kai, domin dama ba a kafa masa shi da komai ba. Wani bincike da Christopher Ojeda da Peter Hatemi suka fitar a 2015 ya nuna cewa fiye da rabin 'ya'yan da aka duba a Amurka, ko dai sun yi kuskuren gane jam'iyyar iyayensu, ko kuma sun gane ta sun ƙi ta. Ku duba ku gani, a gida ɗaya ake kwana, amma ɗa bai ma san takamaimai inda ubansa ya tsaya ba.

Kuka na biyu ya fi na farko ciwo. Abin da ya fi saurin ratsowa daga gare ku zuwa gare mu shi ne gaba. Soyayyar ɗan takara takan dushe in ya bar mulki, ƙiyayyar ɗaya ɓangaren ita ce ba ta tsufa. Mun taso muna jin ana kiran maƙwabta da sunaye marasa daɗi saboda hoton da suka liƙa a ƙofarsu. Mun ga 'yan'uwa ciki ɗaya sun shekara ba sa ga-maciji, mu 'ya'yansu aka hana mu zumunci, ba mu san hawa ba ba mu san sauka ba. Ina da aboki da ya nemi wata yarinya, magana ta yi nisa, iyaye mata sun san juna sun aminta. Ranar da manya suka zauna, hira ta gangara kan zaɓen da ya wuce, baffan yarinyar ya ɗaga murya, mahaifin abokina ya miƙe ya karkaɗe rigarsa ya ce a tashi. Ba a sake zama ba. Ba a ce yaron ba shi da hali ba, ba a ce ba shi da sana'a ba. Kafin zaɓe na gaba ya zo, 'yan takarar nan biyu da aka ɓata saboda su sun koma jam'iyya ɗaya, ana ɗaukar su hoto suna dariya.

Wannan ba a wuri ɗaya yake faruwa ba. A Amurka, a 1960, kusan kashi 5 cikin ɗari ne kawai na magoya bayan manyan jam'iyyun biyu suka ce ba za su ji daɗi ba in ɗansu ko 'yarsu ta auri ɗan ɗaya jam'iyyar. Zuwa 2010 adadin ya kai kusan rabin 'yan Republican da kashi ɗaya cikin uku na 'yan Democrat. A Kenya kuwa, shugaban ƙasa Jomo Kenyatta da mataimakinsa Oginga Odinga sun raba gari a 1966, 'ya'yansu Uhuru da Raila suka gaji hamayyar, suka fafata a zaɓen 2013 da na 2017. An rasa rayuka a rikicin da ya biyo bayan na 2017. A watan Maris na 2018 mutanen biyu suka fito gaban 'yan jarida suka yi musabaha, a 2022 kuma Uhuru ya mara wa Raila baya a takarar shugaban ƙasa. Su manyan sun san lokacin faɗa, sun san lokacin shiri. Talakan da ya binne ɗansa saboda su, wa zai mayar masa? Iyayenmu, ɗan siyasa na iya sauya sheƙa cikin dare ɗaya. Ɗan'uwan da kuka yanke wa zumunci dominsa ba a canza shi.

Na uku, maganar katin zaɓe, musamman na mata. A gidaje da yawa maigida kan tattara katunan iyalinsa ya kulle, ranar zaɓe ya raba tare da umarni. Wani ma sai ya bi matarsa har bakin inda ake dangwalawa. Na taɓa tsayawa a layi bayan wata baiwar Allah da goyo a bayanta. Da aka miƙa mata takarda, sai ta juya tana neman mijinta da ido. Yana can gefe ya harɗe hannu, ya ɗaga mata yatsu uku, wato layi na uku. Ta dangwala, ta ɗaga takardar sama yadda zai gani kafin ta naɗe. Jami'in da ke wurin ya kawar da kai. Matar nan ta sha rana tun safe, amma ƙuri'ar da ta shiga akwati ta mijinta ce karo na biyu.

Ba a ƙirƙiro zaɓen sirri don ado ba. A da a bainar jama'a ake faɗin wanda aka zaɓa, mai gona yana kallon ɗan haya, mai masana'anta yana kallon ma'aikaci, kowa ya san abin da zai biyo baya in ya saɓa. Shi ya sa yankunan Ostireliya suka fara amfani da takardar sirri a 1856, Birtaniya ta bi sahu a 1872, sannan sashe na 21 na sanarwar kare haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ya ambaci ƙuri'ar sirri ƙarara. An sa labulen ne don a kare mai rauni daga wanda yake ci a ƙarƙashinsa, kuma a cikin gida wanda ake ci a ƙarƙashinsa shi ne uba ko miji. Lokacin da mata ke neman 'yancin zaɓe, ɗaya daga cikin hujjojin masu ƙi ita ce ai miji na wakiltar gidansa, ƙuri'ar mace maimaici ce kawai. New Zealand ta yi watsi da wannan hujja a 1893, Suwizalan sai a 1971 ta ba mata ƙuri'a a zaɓen tarayya. Duk maigidan da ya kulle katin matarsa, yana tabbatar da maganar waɗancan masu ƙin ne, ko ya sani ko bai sani ba. Kuma yaran gidan suna kallo. Ɗa namiji ya koyi cewa haka ake yi wa mata, 'ya mace ta koyi cewa ra'ayinta aro ne.

Kuka na huɗu, a nan zan ɗan daɗe. In ɗaya daga cikinmu ya bambanta da ku, nan take sai a ce ya lalace, abokai sun hure masa kunne, karatu ya buɗe masa ido da yawa, albasa ba ta yi halin ruwa ba. A mayar da bambancin ra'ayi rashin tarbiyya. Mun san biyayya ga iyaye wajibi ce, ba mu zo jayayya a kanta ba. Amma ɗan da ke durƙusawa ya gaishe ku, ya ɗauki nauyin maganinku, ya yi muku addu'a, bai zama mai saɓa wa iyaye ba don ya ga wani ɗan takara ya fi wani.

Akwai dalilan da ke sa ɗa ya bambanta, kuma mafi yawansu ba laifin kowa ba ne. Na farko dai zamanin da mutum ya buɗe ido a cikinsa. Bayan haɗewar Jamus a 1990, bincike ya nuna cewa waɗanda suka taso a gabashi ƙarƙashin mulkin gurguzu sun fi 'yan yammaci son gwamnati ta ɗauki nauyin jama'a, alhali harshe ɗaya ne, asali ɗaya, wasu ma dangi ɗaya katanga ta raba. Ku kun taso lokacin da takardar shaidar karatu ke iya zama aikin yi, da yawanmu mun taso muna yawo da ita a jaka. Ba zai yiwu mu kalli gwamnati da ido ɗaya ba. Sai kuma mutanen da mutum ya zauna da su bayan ya bar gida. Tsakanin 1935 da 1939, Theodore Newcomb ya bibiyi 'yan matan kwalejin Bennington a jihar Vermont ta Amurka, akasarinsu 'ya'yan masu hali daga gidajen masu ra'ayin riƙau. A zaɓen 1936, fiye da rabin 'yan ajin farko sun goyi bayan Alf Landon, ɗan takarar da yawancin iyayensu ke so. A cikin 'yan manyan azuzuwa kuwa, masu goyon bayansa ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Da aka koma neman su bayan shekaru masu yawa, aka tarar yawancinsu na nan kan ra'ayin da suka ɗauka a makaranta. Akwai ma abin da aka halicci mutum da shi. Binciken da aka yi kan tagwaye, wanda aka buga a 2005, ya nuna cewa wani kaso na yadda mutum ke karkata, ko ga son canji ko ga riƙe abin da aka saba, yana da nasaba da halitta, ko da yake zaɓin jam'iyya ya fi bin tarbiyya. Ku da kanku kun san 'ya'yanku ba hali ɗaya gare su ba tun suna goye.

Abin da zai fi ba ku mamaki shi ne abin da Elias Dinas ya gano a binciken da ya fitar a 2014. 'Ya'yan gidajen da aka fi hirar siyasa su suka fi ɗaukar ra'ayin iyaye suna yara, kuma su ɗin ne suka fi yiwuwar barin sa in sun girma. Dalili kuwa, iyayen sun koya musu bibiyar al'amura, shi ya sa in duniya ta motsa su ke fara ji. Wato ɗan nan da kuke wa kallon ya bauɗe, sau da yawa shi ne ya fi kowa ɗauko ku. Ku kuka koya masa kada ya yarda da magana sai ya auna ta, ya auna, awonsa ya faɗi wani wuri daban. Ronald Reagan ɗan gidan Democrat ne, mahaifinsa ɗan jam'iyyar ne na gani-kashe-ni, shi ma ya bi ta har sai 1962 da ya koma Republican, ya zama shugaban ƙasar Amurka a ƙarƙashinta a 1981. Ɗansa Ron ya taso ya koma can ɓangaren da uban ya baro. Kowannensu ya gaji sha'awar siyasa daga ubansa, jam'iyyar ce bai gada ba.

Akwai kuma gidajen da laifinsu shiru ne. Ana cewa siyasa ƙazanta ce, duk ɓarayi ne, kada wanda ya kawo mana maganarta nan. Wannan ma tarbiyyar siyasa ce, yaro ya koyi cewa babu abin da ƙuri'arsa za ta canza. Ko dai ya zauna a gida ranar zaɓe har ƙarshen rayuwarsa, ko kuma wayar hannunsa ta zama malamarsa, wani da ba ku taɓa gani ba a Facebook ko TikTok ya cika gurbin da kuka bari. Da Ostiriya ta sauko da shekarun zaɓe zuwa 16 a 2007, an lura a wasu zaɓukan da aka bincika cewa 'yan shekara 16 da 17 sun fi 'yan 18 zuwa 20 fitowa, kuma ɗaya daga cikin dalilan da masana suka kawo shi ne har lokacin suna gaban iyayensu. Fitowarku ranar zaɓe da yaro a gefenku ta fi doguwar nasiha tasiri.

Kada kuma a manta ruwan ba gefe ɗaya yake gangara ba. Ebonya Washington ta duba yadda 'yan majalisar wakilan Amurka ke jefa ƙuri'a, ta fitar da sakamakon a 2008: waɗanda suka fi yawan 'ya'ya mata sun fi goyon bayan dokokin da suka shafi haƙƙin mata. Manyan mutane ne masu jam'iyya da aƙida, amma 'ya'yan cikinsu sun motsa su. Ba abin kunya ba ne uba ya ƙaru da ɗansa.

To ga abin da muke roƙo, ranku ya daɗe.

Ku mayar wa kowa katinsa, mata da 'ya'ya da duk wanda ke ƙarƙashinku, tun kafin ranar zaɓe. In kun raka su rumfa, ku tsaya inda doka ta ce a tsaya, in an dawo gida kuma kada a sa kowa rantsuwa kan wanda ya zaɓa. Kuna da damar ku faɗi wanda kuke so, ku ma yi mana kamfe ɗinsa iya ƙarfinku, za mu saurara. Amma a bar mu mu shiga bayan labule mu kaɗai.

Ku ba mu labarin. Ku zaunar da mu ku gaya mana abin da ya kai ku inda kuke, wa ya yi muku alheri, wa ya ci amanarku, wane alkawari aka cika, wanne aka saɓa, har da lokacin da kuka zaɓi wani kuka yi da-na-sani. Mun fi buƙatar wannan fiye da sunan ɗan takara, domin ɗan takarar zai wuce, mu kuma za mu ci gaba da zaɓe bayan babu shi. In mun yi tambaya a tsakiyar labarin, kada a ɗauke ta fitsara.

Ku cire kuɗin makaranta, da jari, da gado, da albarka daga cikin maganar zaɓe. Uban da ya ce in ba ka yi wane ba kada ka sake tambayata komai, ya sayi ƙuri'a ne kamar yadda ɗan siyasa ke saye, sai dai shi ɗansa ba ya iya ƙin sayarwa. Haka nan in an zo neman aure, a binciki hali da riƙon amana da abin yi, a bar jam'iyyar baffa a waje.

Wanda ke da ɗan'uwa ko maƙwabcin da suka daina magana saboda wani zaɓe da ya wuce, muna roƙo ya nemi shiri da shi kafin wani zaɓen ya zo. In abin ya yi nauyi, ku aike mu, mu za mu kai gaisuwar. A gaban ƙananan yara kuma a daina kiran 'yan ɗaya ɓangaren da sunan da ba za ku so a kira ku da shi ba, domin yaro ba ya bambance zafin kamfe da hukunci na har abada.

Iyaye mata, roƙonmu gare ku na musamman ne. Ku kuka fi zama da yara, ku suke fara ji. In kuna da ra'ayi ku faɗe shi a gaban 'ya'yanku mata, ko da ya bambanta da na maigida, cikin mutunci kamar yadda kuka iya faɗin komai. Ku kuma iyaye maza, ku ba su wannan filin.

Mu a namu ɓangaren mun ɗauki alkawarin ba za mu ɗaga muku murya kan ɗan takara ba, ba za mu kai sirrin gida dandalin intanet ba, kuma ranar zaɓe, ko wa za ku zaɓa, mu za mu riƙe muku wuri a layi.

Allah ya ja kwana, ya bar zumunci.

Naku cikin biyayya,
Ɗaya daga cikin 'ya'yanku, a madadin sauran.